Uwar da Ba Ta Waiwayo Ba

Toronto, Fabrairu 1988

Zuwa ga Madam Verna Kostiuk,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Manitoba bai kulle ki a ɗaki ba. Ina fata kuma idon ya lafa, ko aƙalla bai ƙara gaba ba.

Ga samfurin littafinki na burodi nan cikin kwali. Kwafin zanen ne muka ɗinke yadda littafin zai fito, na asalin suna nan ofis. Mai zanen sabon hannu ce, sunanta Noreen Doucet, kuma wannan ne littafinta na farko. Kowa a ofishin nan ya yaba, har mai kula da tallanmu wanda ko girkin matarsa ba ya yabo. Abin da kika nema shi ta yi: yarinya da uwarta suna yin burodi, kowane shafi aiki ɗaya, yadda ɗan shekara uku zai kama abin da ke zuwa da fari da abin da ke bin bayansa.

A ƙarshen Maris za mu miƙa wa maɗaba'a, don littafin ya riski masu zaɓar wa ɗakunan karatu da makarantun raino littattafan bana. In ya wuce nan, sai baɗi. Ki sa a karanta miki kalmominki ki ji ko akwai kuskure, aikinki ke nan. Al'adar sana'ar nan kin fi ni saninta: marubuci da rubutunsa, mai zane da zanensa, ba sa haɗuwa, edita ne a tsakani. In kina da magana a kan hoto, ta biyo ta hannuna.

Ki huta lafiya.

Naki,
Lorne Whitlaw, edita

*

Dauphin, Fabrairu 1988

Lorne,

Ina gaishe ka, kai da iyali. Sanyi yana nan, idon kuma ya ƙara gaba, tun da ka tambaya. Tsakiyar ganina ce ta mutu. In ka tsaya a gabana yau, kunnuwanka biyu zan gani da duhu a tsakani, ban kuma ce na yi babbar asara ba. Tafireta dai yatsuna sun san hanyarta. Wasiƙu kuwa maƙwabciyata Stella ke karanta mini, kuma ba ta tsallake komai, don haka ka san abin da za ka riƙa rubutawa.

Kalmomin ba kuskure. Hotunan ne da magana.

Tun da ba na gani, na yi abin da na saba yi duk shekarun da na yi ina koyar da 'yan raino. Na ɗauki samfurin na sauka ɗakin ƙasa na cocinmu inda ake rainon yara, na zauna a dandamali, na rufe rubutun da tafin hannu, na ce su karanta mini. Babba kalmomi yake bi, ya saci kallon hoto ya wuce. Yaro kuwa hoton ne karatunsa, ba abin da ke kuɓuce masa.

Shafin farko lafiya lau. A na biyu wata yarinya, Shauna, ta ce, "Maman ta yi fushi." Na ce fushin me kuma, ai fulawa take aunawa. Sai wani ɗan ƙiriniya mai suna Corey ya ce, "Ba ta kallonta." Na juya shafi, suka ce har yanzu. Na sake juyawa, suka ce har yanzu. Da muka kai shafin ƙarshe, inda na rubuta cewa burodi ya gasu kowa ya ci ya ƙoshi, Corey ya dafa gwiwata ya ce, "Madam, to yaushe za ta yafe mata?"

Washegari na gwada da wani rukunin yaran, ban ce musu uffan ba, abin da suka faɗa ke nan. Na sa Stella ta bi shafukan da gilashin ƙara girman rubutu. Uwar tana kallon kwano, tana kallon agogo, tana kallon taga, tana kallon tanderu, a ƙarshe tana kallon wuƙa. Yarinyar kuwa a kowane shafi idonta na kan uwar. Ko sau ɗaya uwar ba ta waiwayo ba.

Ka san yadda ƙaramin yaro ke koyo, ko ka taɓa sani kafin ka hau kujera mai juyawa. Yana duban fuska, ya bi inda idon ya tafi, ya ga abin, sannan ya dawo ga fuskar ya ji ko daidai ya gani. A wannan dawowar ce kalma ke zauna masa. In ya dawo bai tarar da ido ba, ya daina koyon kwano da cokali, ya koma tambayar kansa ko ya yi laifi. A cikin yaran nan ba wanda ya iya gaya mini ko fulawa aka fara zubawa ko ruwa. Duk hankalinsu na kan fushin.

Ka gaya wa mai zanen ta juyo da fuskar. Ba zan sa sunana a kan wannan ba.

Ka gaida gida.

Verna

*

Toronto, Fabrairu 1988

Madam Kostiuk,

Gaisuwa gare ki, da Madam Stella mai karatu.

Na jera hotunan a tebur, muka taru muka duba. Mace ce tana yin burodi. Mai kwaɓa fulawa kwano take kallo, mai yanka kuma wuƙa take kallo in ba so kike ta datse yatsa ba. Fuskar a sake take, har da ɗan murmushi a wajen tanderu. Kin kuma san yara: ɗaya ya ce fushi, sauran su amsa kamar 'yan amshi.

Zan faɗa miki gaskiya saboda girmanki. Da fentin ruwa aka yi zanen nan. Ba a goge fuska a sa wata, sai dai a sake shafin gaba ɗaya, kuma shekara guda mai zanen ta yi a kan aikin nan. Ba zan je wa matar da ta gama littafinta na farko in ce ta sake shi cikin wata ɗaya saboda hukuncin ɗan shekara uku ba, a kan hotunan da marubuciyar ba ta gani da idonta ba. Yarjejeniyarmu ba ta ba ki ta cewa a kan zane ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ban gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba.

Da girmamawa,
Lorne Whitlaw

*

Dauphin, Maris 1988

Zuwa ga Madam Noreen Doucet,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya ke da mutanen gidanki. Ba ki san ni ba, amma shekara guda kina zaune da kalmomina. Ni ce Verna Kostiuk, marubuciyar littafin burodi.

Na san bai kamata in rubuto miki ba. Na daɗe a sana'ar nan ban taɓa jin muryar ko ɗaya daga cikin masu zanena ba, kuma na yarda da al'adar, don marubuci in aka sakar masa sai ya tsaya a kan mai zane yana cewa rigar ba ja ba ce a zuciyarsa. Adireshinki ma ba Lorne ya ba ni ba, kada ki zarge shi. Kamfaninsu ba ya jefar da kwali. Maƙwabciyata Stella ce ta ɓamɓare takardar da suka manna ta tarar da taki a ƙasa.

Ba na gani sosai, don haka yara ne suka karanta mini zanenki. Sun so fulawar da ke kan hancin yarinyar, sun so kyanwar da ke ƙarƙashin tebur, Stella kuma ta ce kamar ka ji ƙamshin burodin. Hannunki mai kyau ne, ban zo in rage miki komai ba. Amma rukuni biyu na 'yan shekara uku, ba tare da sun haɗu ba, sun gaya mini cewa uwar tana fushi da yarinyar, saboda tun daga shafin farko har na ƙarshe ba ta dube ta ba. Ɗaya ya tambaye ni yaushe za ta yafe mata. Na rubuta littafin ne don yaro ya koyi farko da tsakiya da ƙarshe, sai ga shi abin da suke kwashewa shi ne fargaba.

Na gaya wa Lorne, ya ce ba zai isar miki ba. To na isar da kaina. In da gangan kika yi, ki gaya mini dalili, wataƙila kin hango abin da ban hango ba. In kuwa ba da gangan ba ne, lokaci ya ƙure amma bai ƙare ba.

Ki huta lafiya.

Verna Kostiuk

*

Pubnico, Nova Scotia, Maris 1988

Madam Kostiuk,

Na amsa gaisuwarki, na gode. Wasiƙarki ta iske ni ina tsakar wankin kayan 'yata. A tsaye na karanta ta.

Bari in gaya miki inda hotunan nan suka fito. A teburin kicin na zana su, tsakanin girki da wanki, saboda ba ni da wani ɗakin aiki. Mijina Alban yana kan jirgin kamun kifi tun ƙarshen kaka, ba ya samun hutu sai Mayu, fita yake kafin mu tashi ya dawo a gajiye. Matar da ke cikin littafin ni ce. Yarinyar kuma 'yata ce, Odile, shekararta uku. Duk gashin da ya tashi a ƙeyarta na san shi, na zana shi. Yanzu ke daga can inda ko teku ba ku da shi kin aiko mini cewa uwar ba ta kula da 'yarta.

Ba ki ga ko shafi ɗaya ba. Ki yi haƙuri da wannan maganar, na san mai zafi ce, amma ba zan goge ta ba. Kin zaunar da yara kin juya musu takarda, ɗaya ya faɗi abin da ya zo bakinsa, ke kuma kin ɗauke shi kamar hukuncin alƙali. Mutanen Toronto da idonsu garau sun duba sun yaba.

Kin kuma san abin da zai faru in Mista Whitlaw ya ji muna musayar wasiƙa. Ke littattafanki suna kowane ɗakin karatu, ba wanda zai ce miki kanzil. Ni ɗaya gare ni, bai ma fito ba. Ni za a ce mai rigima ce, ba a sake ba ni aiki. Shekara goma ina aika zane ana dawo mini da shi kafin a buɗe mini wannan ƙofar. Don Allah kada ki ƙara rubuto mini.

Ki huta lafiya.

Noreen Doucet

*

Dauphin, Maris 1988

Madam Doucet,

Ina gaishe ki. Stella ta karanta mini taki sau biyu, na biyun ni na roƙa. Maganar ido ba ta ɓata mini rai ba, gaskiya ce.

Na rubuta wa Lorne na ce in fuskar ba ta juyo ba zan janye rubutuna. Na kuma gaya masa ni na fara neman ki, ke kin ma kore ni. Gara ya ji daga bakina. Na san wannan zai taɓa ki, kuma ban ji daɗi ba. Amma littafin nan hannun dubban yara zai shiga, wasunsu ba su da wanda zai zauna ya ce musu a'a, ba fushi take ba.

Kada ki yarda da ni, kada ki yarda da Corey, yaron da ya yi tambayar yafiya. Kina da naki samfurin. Ki warware ɗinkin, ki jera shafukan a ƙasa, ki durƙusa har kanki ya zo daidai tsayin Odile, ki rufe rubutun, ki bi idon matar kawai. In kin tashi ba ki ga komai ba, ki rubuto ki zage ni, Stella za ta karanta mini da murya mai kyau.

Verna Kostiuk

*

Toronto, Maris 1988

Madam Doucet,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya.

Na ji abin da ya faru. Na so a ce ranar da wasiƙar farko ta iso ki kin ɗaga waya kin gaya mini, maimakon ki amsa ta. Irin wannan ne ya sa muke raba marubuci da mai zane. Yanzu ga shi ina da marubuciya mai barazanar janye rubutu, da maɗaba'a mai jira.

Zan shimfiɗa miki yadda abin yake. In kin ce zanenki ya gama, zan tsaya a bayanki in riƙe Madam Kostiuk da yarjejeniyar da ta sa wa hannu. Amma na san ta, ba ta ja da baya, maganar za ta kai ga lauyoyi, littafin ya kwanta a aljihun tebur har a manta da shi. In kuwa kin yarda da ita, sai ki sake dukan shafukan da uwar ke ciki, su iso ofishina kafin ƙarshen wata, kuma su yi kyau kamar na farko. In ba su iso ba, masu kamfani za su ce a ba wani mai zanen rubutun baɗi, don sunanta ne ke sayar da littafi, naki ba a san shi ba tukuna. Ba zan iya hana su ba.

Ni har yanzu mace nake gani tana yin burodi. Ki ba ni amsa cikin makon nan.

Da girmamawa,
Lorne Whitlaw

*

Pubnico, Maris 1988

Madam Kostiuk,

Ina gaishe ki, ina gaida Madam Stella. Ki ce mata wannan ba ta zagi ba ce.

Ban yi niyyar yin abin da kika ce ba. Na yi shi ne don in samu abin da zan jefe ki da shi. Odile tana barcin rana, na warware samfurin na jera shi daga ƙofar kicin har bakin matakala, na durƙusa, na bi idon matar. Kwano, agogo, taga, tanderu, wuƙa. Na koma farko na sake bi, ina cewa ai dole akwai ɗaya. Daga sama, a tsaye, mace ce mai aiki, kamar yadda Mista Whitlaw ya ce. Daga ƙasa kuwa haɓarta kawai kake gani da gefen kunci, kullum tana fuskantar wani wuri. Na daɗe durƙushe a kan katakon nan kafin in tashi.

Kin tambaye ni ko da gangan ne. Ba da gangan ba ne, kuma na gano inda ya fito. Yaro ba ya tsayawa a zana shi, don haka da hotunan kyamara muke aiki, kusan duk masu zanen littafin yara haka suke yi. Bara da rani, lokacin da Alban ke gida, na ce ya riƙa ɗaukarmu ni da Odile a teburin kicin, kada ya ce mu shirya, don abin ya fito yadda yake. Ni ba burodi nake yi a hotunan ba. Zane nake yi, littafin nan naki nake tsarawa. Da na zo fenti sai na cire takardar da ke gabana na sa kwano, na cire fensir na sa cokali. Jikin da fuskar kuwa na bar su yadda kyamara ta kama su, har ina alfahari ban ƙara komai ba.

Na ɗauko kwalin takalmin da hotunan ke ciki na zazzage. Cike yake. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda nake kallonta a ciki. Akwai ɗaya da na ɗago kai, amma Alban nake harara don ya tare mini haske. Ita kuwa a kowanne tana gefena, da 'yar tsanarta ko da gutsuren biskit, ta ɗaga kai tana dubana.

Da ta tashi daga barci ta tarar da shafukan a ƙasa, sai na yi yadda kike yi. Na rufe rubutun na ce ta karanta mini. Ina jira ta ce fushi, kamar yaranki. Ba ta ce ba. Ta nuna matar ta ce, "Mama tana aiki," ta ɗora yatsa a leɓenta ta ce, "Shhh." Haka ta yi a kowane shafi, cikin raɗa, har ƙarshe. Yaranki sun ga abin tsoro, tawa ta ga gida. Da ma fushin ta ce, da na fi samun sauƙi.

To ga inda nake. Mista Whitlaw ya ce in sake dukan shafukan kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wani littafin. Na lissafa, zan iya, in na kai Odile wurin surukata a Yarmouth ta zauna can har in gama, ba ziyara ba waya. Wato don in zana uwa mai kallon 'yarta sai na fitar da tawa daga gida. Surukata ta ce in kawo ta ranar Lahadi, jakarta ma na haɗa. In kuma na ƙi, shekara goma da shekarar nan da na cinye wa yarinyar nan sun tafi a banza, ko littafin da zan nuna mata in ta girma babu.

Ina jin haushinki har yanzu, ba zan ɓoye ba. Amma ke kika tono, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Alban cewa ya yi hotuna ne kawai. Ki gaya mini abin da za ki yi in ke ce.

Taki,
Noreen

*

Dauphin, Maris 1988

Noreen,

Ina gaishe ki, ki shafa mini kan Odile. Na aiko wannan ta wasiƙar gaggawa don ta riga Lahadi.

Stella ta tsaya a tsakiyar wasiƙarki ta ce tabaraunta ya yi hazo. Na tono rami ban san zurfinsa ba, kuma na ji ciwo ƙwarai. Ni ban haihu ba, 'ya'yan mutane na yi ta kallo har idona ya ƙare, don haka ba zan koya miki zama uwa ba. Uwar da ke aiki ba mai laifi ba ce, uwayen yarana duka aiki suke. Abin da na sani littafi ne, a nan zan tsaya.

Ki kwance jakar nan.

Na koma wurin yaran da wata dabara. Na sa Stella ta zana fuska mai kallon yarinyar, muka yanke muka manna a kan ta shafin ƙarshe kawai, sauran muka bar su yadda suke. Zanen Stella, Allah ya ba ta haƙuri, Shauna ta ce dankali ne mai ido. Duk da haka da muka kai wurin, Corey ya sauke numfashi ya ce, "Ta gan ta." Sai suka ce a sake, kin san ba sa karanta littafi sau ɗaya. A karo na biyu ba wanda ya ambaci fushi. Shauna ta ce wa na kusa da ita, "Kai, jira, aiki take, za ta juyo." A karo na uku suna rige-rigen gaya mini fulawa ce farko, sannan ruwa, sannan a jira ƙulli ya tashi. Yaro yana iya jira in ya san ana juyowa. Ni da na daɗe ina wa'azin sai an kalli yaro a kowane shafi, ban san haka ba sai a makon nan, kuma littafin da zai fito ya fi wanda na rubuta.

Shafi ɗaya ke nan, na ƙarshe. Na cire kalmomina daga kansa, ba ya bukatarsu. Na buga wa Lorne waya. Ya yi faɗa har na nisanta kan wayar daga kunnena, ya ce mun mai da shi ɗan kallo a ofishinsa. A ƙarshe dai ya ce shafi ɗaya, in ya iso kafin ƙarshen wata, in kuma ya kai sauran kyau. In bai kai ba, ba zai sa shi ba, ni kuma ina nan a kan bakana, kin san abin da zai biyo baya. Ban sassauta miki ba ke nan, duk littafin yanzu a kan fuska ɗaya ya rataya, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. In kin yi murmushin talla, yara za su gane kafin Lorne.

Kada ki zana daga hoton kyamara. Ba ki da shi ma.

Ki huta lafiya, 'yata.

Verna

*

Pubnico, ƙarshen Maris 1988

Madam Verna,

Ina gaishe ki da Madam Stella. Odile tana gida, ba ta je Yarmouth ba.

Shafin ya tafi Toronto jiya. Na lalata takardu da yawa kafin shi, kuma ban sani ba ko ya yi, na kalle shi har na daina ganinsa. Mista Whitlaw bai ce komai ba tukuna.

Ban san yadda fuskar take ba, don ban taɓa ganinta ba. Sai na jingina madubi a bayan kujerar Odile, na zaunar da ita a gabana da yankan burodi da man shanu, na ture fensir gefe, na dube ta kawai. Ta ci loma biyu. Sai ta ajiye burodin, ta sa hannuwanta a ƙarƙashin tebur, ta ce a hankali, "Mama, me na yi?"

Na ce ba ki yi komai ba, kallonki kawai nake yi. Ba ta yarda ba tukuna. Gobe ma zan zauna.

Ki gaida Corey da Shauna. Ki huta lafiya.

Taki,
Noreen